Tunda kasuwa ta karye maigidana bai ƙara lafiya ba, jifa ce ko talauci?

Salamu alaikum Tanti, ina wuni, ya hidima. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Maradi, shekarata 31, ɗiyanmu huɗu, ƙaramar tana nono. Maigidana kaya yake ɗaukowa daga Katsina da Kano ta Jibiya yana rarraba ma masu butik, wani Alhaji ubangidanshi ne ke bashi jari. Da aka ruhe iyaka a 2023 komi ya tsaya, waɗanda ya ba kaya bashi suka kasa biya, ko da aka buɗe kasuwar bata dawo mishi ba, ga ruwan 2024 ya kada mana ɗaki guda. Yanzu Alhaji na binshi kuɗi masu yawa har ya daina bi ta layin shagonshi. Tanti mutumin da shekara tara da aurenmu ban taɓa ganinshi kwance ba, yanzu wata baya wucewa sai mura ta kada shi, maruru wannan ya fashe wani ya hito, wata ukku da suka wuce wasu ƙuraje masu zafi kamar wuta suka hito mishi gefe guda na haƙarƙari, majo yace zona ce. Yanzu kuma tari ne yau kusan sati ukku, ya rame, da dare sai zufa, baya kwana, yana fada har ƙarfe biyu ana shan shayi, in ya shigo abu kaɗan sai faɗa. Magani wajen masu talla yake saye. Ni ma ina rage cina don yara su ƙoshi, in na miƙe sai jiri. Inna mahaifiyarshi tace jifa ce abokan kasuwa suka yi mishi, ta samo wani mai magani yace a kawo jikka 40. Yayanshi kuma yace ragwanci ne kawai da son jiki. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi jikka 60, Inna ta san da shi, shi kuma yace in bashi ya kai ma Alhaji ko ya samu fuskar fita. Wai da gaske rashin kuɗi na iya sa mutum ciwo haka ko dai hannu ne? Kuma kuɗin nan ina zan sa su? Ran nan naji yana cewa gara mutuwa da wannan kunya, tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da ɗawainiya, sannu da jinya. Na rage saƙon naki kaɗan, na cire sunan unguwa da duk abin da zai sa a gane gidanku. Allah ya ba maigida lafiya, ya yaye muku wannan hali.

Eh, rashin kuɗi yana kada mutum, kadawa ta gaske wadda ake aunawa a gani cikin jini. Ƙwayoyin cuta dama suna tare damu kullum, a iska, a fata, wasu ma kwance cikin jiki shekara da shekaru, abin da ya hana su tasiri garkuwar jiki ce, toh ita garkuwar nan abinci take ci, barci take so, kuma da kwanciyar hankali take aiki. Ki duba gidanku, duka ukkun an taɓa su lokaci guda.

Bari in miki bayani yadda zaki iya maimaita mishi. Cikin ɓargon ƙashi ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin da ke yawo suna farautar cuta. In mutum ya firgita, kamar a ce mota ta ƙwace ma direba kan hanyar Ɗan Isa, nan take ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu ƙanana da ke zaune bisa ƙoda, su kuma su zubo sinadarai cikin jini, ɗaya daga ciki sunanshi kotizol. Aikinshi ya tara ƙarfi wuri guda, ya ɗaga sukarin jini, ya ce ma sauran ayyukan jiki su dakata tukuna har a tsira, cikin masu dakatawar har da wani sashe na garkuwa. In abin na minti goma ne ba komi, rahama ce ma. Amma mai bashi da shi yake kwana da shi yake tashi, salula ta yi ƙara gabanshi ya faɗi, ya hango mai babbar riga daga nesa ya sauya hanya, haka wata da watanni. Sai sojojin su rikice, masu kama ƙwayar cuta su yi sanyi, ga wani kumburi na ciki mara amfani da ke ta ci a hankali don ƙwayoyin sun daina jin umarnin kotizol ɗin, kamar yaron da aka cika yi ma tsawa har ya daina ɗago kai.

An gwada wannan an gani. A 1991 wani masani ɗan Amurka mai suna Sheldon Cohen da abokan aikinshi sun fitar da sakamakon gwajin da aka yi a Ingila, mutum 394 masu lafiya aka ɗiga ma ƙwayar mura a hanci da yardarsu aka killace su ana kallo, waɗanda suka fi damuwa a ransu su suka fi kamuwa. Ya sake yi a Amurka da mutum 276, sakamakon ya fito a 1998, sai ya nuna damuwar kwana biyu bata cika yin komi ba, wadda ta kai wata guda ko fiye ita ce ke karya mutum, kuma kan gaba a ciki akwai rashin aiki ko aikin da baya riƙe mai shi, sai rigima da iyali ko abokai. Kinga kamar don mijinki aka yi. Ƙasa sukutum ma haka take yi, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 da tattalin arzikin Rasha ya durƙushe, masu kamuwa da tarin tibi a can sun ninka fiye da sau biyu cikin shekara goma. Mu nan ba sai an kai mu Rasha ba, duk wanda ya ga 2005 a garin nan ya san yaron da yunwa ta taɓa gudawa ko masassara kaɗan ke ƙarasa shi.

Amma ɗiyata kar ki ɗauki wannan bayanin ki zauna da shi ki ce ai damuwa ce in kuɗi suka zo zai warke. A'a. Damuwa ta buɗe ƙofa, yanzu abin da nake son mu sani shi ne wa ya shigo. Tari sati ukku, rama, zufar dare, wallahi da ɗana ne gobe da sassafe muna layin likita, ba zan jira ƙarshen wata ba. Duk tarin da ya kai sati biyu a ƙa'ida awon tibi ake yi mishi. Kusan mutum guda cikin huɗu a duniya ƙwayar tibi ta taɓa shiga jikinshi, yawanci garkuwa ta ɗaure ta har mutum ya tsufa bai sani ba, sai ranar da yunwa ko sukari ko wani ciwo ya sassauta ɗaurin. Kaki kawai zai bayar a auna, in ita ce maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ana sha ba fashi kuma ana warkewa sarai. Zonar da ta fito mishi ma labarinta guda ne, ƙwayar ƙarambau ce da ya yi yana yaro, ta laɓe cikin jijiya duk shekarun nan, da ta ga masu gadi sun yi rauni ta fito. Shi ya sa take bin gefe guda, layin jijiyar take bi, mutane su gani su ce bulalar aljani ce ko an jefe shi.

In kun je ku roƙi a haɗa da awon sukari, don maruru mai maimaituwa na daga cikin alamominshi kuma mutum na iya shekara da shi bai sani ba. Sannan awon sida, kuma ku yi shi tare ku biyu. Kar ranki ya ɓaci, ban zargi kowa ba, duk likitan da ya san aikinshi in ya ga zona da rama da tari ga mutum mai ƙuruciya sai ya nemi wannan awon, ke kuma kina shayarwa, sanin ya fi rashin sani nesa ba kusa ba, in babu kun huta, in akwai ga magani. Ke ma a auna yawan jininki saboda jirin nan. Tun watan Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocinta, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma dama tun 2006 dokar ta ce kyauta ne, duk da kin san wani lokaci sai an rubuta maka ordonansi ka nufi farmasi. Kafin sakamako ya fito a bar taga buɗe, ya rufe baki in zai yi tari, 'yar ƙaramar kuma kar ta kwana ɗaki guda da shi a rufe. In tibi ce ki kai yaran duka a duba su, ƙananan akwai maganin riga-kafi da ake ba su.

Na san halin mazanmu, zai ce ba komi mura ce. Kar ki ce mishi ka ga yadda ka rame, wannan mutuncinshi zai taɓa. Ki ce saboda mai shan nonon nan ne, ba ki son ta ɗauka. In ya ƙi, cikin 'yan fadarsu akwai wanda yake jin maganarshi, ki aika a kira miki shi ya ɗauko moto su tafi.

Sai kuɗin adashi. Naki ne, guminki ne, ba wanda ke da iko da su sai ke, ki fara riƙe wannan. Kuma ki tuna adashi shi ma bashi ne, kin kwasa amma zubi bai ƙare ba. In kika miƙa ma Alhaji jikka 60 gaba ɗaya kan bashin da kika ce mai yawa ne, zai rubuta a littafi ya ce an gode, bayan sati guda bashin na nan, tarin na nan, tukunya kuma ba komi. In kika kai 40 wajen mai magani ko littafin ma babu. In ni ce, jikka 15 zan ware na likita in ɗaure su daban, in ma kin ranci kuɗin awo cikin satin nan daga nan zaki biya. Jikka 25 su tafi abinci a saye da yawa lokaci guda, gero da wake da waken suya, ba sayen tiya rabi kullum ba da ke cinye kuɗi. Jikka 10 jari a hannunki, awara ko ƙuli-ƙuli, sana'ar da ko ba a saye duka ba yara sun ci ribar, daga nan zubin adashi zai dinga fita. Goman da ta rage ki ba maigida, don abin da ya roƙe ki fuska ce, kuma fuska tana da nata muhimmanci a wannan ciwon, zan dawo kanta. Ki daidaita lissafin yadda ya dace da gidanki, ke kika san bakin da kike ciyarwa.

Tukunya kuwa nan nake son mu ɗan daɗe. In kuɗi suka yi ƙaranci abin da ke fara ɓacewa daga kwano nama ne da kifi da ƙwai da nono, sai a koma shinkafa da mai da yaji, ko taliya, ko garin rogo a jiƙa, ciki ya cika amma sojojin jiki ba su samu kayan aiki ba, don da abinci mai gina jiki ake ƙera su, da sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin A. Abin daɗin shi ne ƙasar nan tamu masu arha ɗin su ne masu amfani, raini kawai muka yi musu. Wake kullum ko ta wace siga, ɗan wake, shinkafa da wake amma waken ya rinjaya, ƙosai. Zogale, ga shi nan Jiratawa ana nomanshi kamar me, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, kwano guda na wannan ya fi faranti biyu na taliya. Fara in lokacinta ne, kar ki ji kunya, nama ce. Daddawa a miya, kuka, yakuwa, rama, tafasa. Hura da nono ko da nonon kaɗan ne. Geron koko in an jiƙa shi ya kwana ya ɗan yi tsami jiki ya fi samun ƙarfen da ke cikinshi, iyayenmu da ke haka sun san abin da suke yi. A matsa lemun tsami kan kwaɗo ko a dama garin 'ya'yan kuka a sha, yana taimaka ma jiki ya tsotsi ƙarfen wake da ganye, shi kuwa shayi hana wannan tsotson yake, don haka a bar kamar awa guda tsakaninshi da abinci. A Indiya an yi wani babban gwaji a jihar Jarkand, sakamakon ya fito a 2023, iyalan da ke zaune gida guda da masu tibi aka dinga ba shinkafa da nau'in wake da bitamin duk wata, sai kamuwa da tibi a cikinsu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Abinci kawai fa, ba allura.

Kuma ke, ki daina barin kwanonki. Na san zuciyar uwa, ni ma na yi, amma mai shayarwa ƙarin abinci take buƙata kan na da, jikinki zai ci gaba da yin nono ta hanyar cin naki, in kika faɗi yau wa zai kai shi likita, wa zai soya awarar? Ki zuba naki tare da na yara tun daga tukunya, kar ki jira saura.

Barci. A wani gwajin Amurka da ya fito a 2015, mutum 164 aka auna barcinsu na sati guda sannan aka ɗiga musu ƙwayar mura, waɗanda barcinsu bai wuce awa 6 ba sun ninka masu fiye da awa 7 sau huɗu da ɗoriya wajen kamuwa. Mijinki na shigowa ƙarfe biyu ya tashi asuba, ki lissafa. Ban ce ki raba shi da fada ba, a can ne kaɗai yake dariya ya manta da Alhaji, mutum a irin wannan hali kaɗaici ya fi komi cin shi. Shayin ne matsala, wannan mai kauri na farko in an sha bayan isha'i, awa biyar bayan nan rabin ƙarfinshi na cikin jini, goro ma haka. Ki nemi alfarma guda, ya sha nashi da la'asar, da dare ya zauna hira kawai, ƙarfe sha ɗaya yana gida, salula kuma ta kwana nesa da matashi. Yanzu da yake tari ma ya kamata ya ɗan janye daga zaman har a ga sakamako, kar a yi ta zagaya kofi guda ana tari cikin juna.

Maganin masu talla kuwa ki tattara duk ledojin da ke aljihunshi da ƙarƙashin katifa ki kai ma majo ya gani. Abin da nake tsoro deksa, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ake haɗawa cikin maganin ciwon jiki da na sa ƙiba. Ita 'yar uwar kotizol ce da aka ƙera a masana'anta, mutum ya sha ya ji garau ya ci abinci ya ce ya samu magani, alhali garkuwar take ƙara dannewa, ta ɗaga sukari, ta tada tibi mai barci. In ya daɗe yana sha kar ya yanke rana guda, likita ke rage ta a hankali. Kafso kuma baya komi ga mura, irin su sipro ma suna iya lafar da tarin tibi na ɗan lokaci har su rikita awo. In kika ga tramol a ciki ki faɗa ma majo ba tare da kin tona shi gaban mutane ba.

Yanzu maganar Alhaji. Abin da ke cin mijinki ya fi yawan kuɗin, rashin sanin ranar da za'a tare shi ne, da sauya hanya kullum a garin da aka haife shi. Bashin da aka zauna aka yanka mishi wa'adi ana iya barci da shi. Ya samu dattijo guda da Alhaji ke jin nauyinshi, limamin unguwa ko wani babba a kasuwa, su tafi tare da jikka goman nan da takardar sunayen masu butik ɗin da suka riƙe kaya, ya faɗi gaskiya tsaf, ga abin da ya shiga ga abin da ya maƙale ga abin da zan iya kawowa duk wata. Alhazan garin nan da bashi da amana suka gina kasuwa tun zamanin gyaɗa, kuma shi ma Alhaji rufe iyakar bai tsallake shi ba, mai yiwuwa wani na binshi a Kano, guje mishin da ake yi ya fi ɓata mishi rai kan jinkirin. Dattijon zai san yadda zai tuna mishi aya ta 280 cikin Baƙara wadda ta ce a jinkirta ma mai ƙunci har ya samu sauƙi. Yana iya yiwuwa ya ƙi ya yi faɗa, ko hakan ne an wuce wurin, an san inda aka tsaya. Wataƙila ma ya ba shi ɗan aiki a shago ana cirewa a hankali, in hakan ta samu kar girman kai ya hana shi karɓa.

Inna kuma kar ki yi jayayya da ita kan jifa, ba zaki ci ba, kuma tsoro ne ke magana a bakinta, ɗanta take gani yana narkewa. Ki je da ladabi ki ce Inna addu'arki ta fi ta kowane mai magani, a yi sauka, a yi sadaka daidai ƙarfi, ya riƙe azkar ɗinshi, duk wannan ba ya hana zuwa likita kuma ba ya cin jikka 40. Sai ki tambaye ta labarin shekarar El Buhari, yunwar 1984 da ta haɗu da rufe iyakar Najeriya, ki bar ta ta ba ki labari da kanta, wa ya kwanta, yara nawa ƙyanda da gudawa suka ɗauka a unguwarsu, da bakinta zata faɗi cewa in hatsi ya yi wuya cuta ke biyo baya kuma ba wanda ya jefi gari guda. Ki ba ta aiki a jinyar, ita zata dama mishi hura, ita zata tsare shi ya sha magani in an rubuta, uwa in ta samu abin yi hankalinta na sauka. In ta matsa kan kuɗin ki ce sun riga sun zama gero, shi ya sa nake son ki saye hatsin ranar da kika kwasa.

Yayanshi ba sai kin tanka mishi ba, takardar likita zata amsa. Rago ba ya shekara tara kan hanyar Jibiya da Kano. Takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya hau kan Nijar ƙarshen Yuli 2023, ba a ɗage shi ba sai Fabrairu 2024, iyaka bata buɗe ba sai Maris, kusan wata takwas garin da ke numfashi ta Najeriya an toshe mishi hanci, ga cire tallafin mai a can tun Mayu 2023 da ya taɓa 'yan ruwa-ruwa, ga naira ta faɗi masu kai dabbobi suna dawowa da kuɗin da ba su da auki. In yayan na da hali, buhun gero guda ya fi wa'azin.

Faɗan da kuke yi shi ma ciwo ne a jiki. A Ohayo ta Amurka an yi ma ma'aurata 42 'yan ƙananan raunuka a hannu aka sa su tattauna abin da ke haɗa su rigima, a sakamakon da ya fito a 2005 masu gaya ma juna baƙar magana saurin warkewarsu kashi 60 ne kawai cikin 100 na sauran. Ban ce ki zama bango ba, kina da haƙƙin gajiya. Ku dai sa ma maganar kuɗi lokaci, da hantsi bayan an karya, banda dare, banda gaban yara. Ke kuma ki nemi ƙungiyar Mata Masu Dubara ta kusa dake in ba ki ciki, a jihar nan aka fara ta tun 1991, akwai asusu akwai ɗan rance, akwai kuma matan da zaki zauna dasu ki sauke abin da ke ranki.

Maganar da kika ji ya yi ta gara mutuwa, kin yi daidai da baki ɗauke ta wasa ba. Sau da yawa baƙin ciki ne ke fita a baki, amma rashin barci da rama da saurin fushi da jin kunyar fita duka alamomin ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar sauran kuma ana maganinshi. Ki samu lokacin da yake a natse ki tambaye shi kai tsaye, baban yara, maganar nan da ka yi ran nan, har cikin ranka kana tunanin yi ma kanka wani abu? Tambayar bata sa mutum ya aikata, sauƙi ma take kawowa. Ki saurara, kar ki yi saurin cewa haram ne ka yi istigfari, ya sani, abin da yake nema wanda zai ji shi. In ya ce eh, ko kika ga yana sallamar mutane yana rarraba kayanshi, kar a bar shi shi kaɗai, ki kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, ki sanar da Inna da amininshi a ranar, ku kai shi babban asibiti ku ce kuna son ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ko bai kai haka ba ki faɗa ma majo wannan maganar ranar da kuka je awon kaki.

Ki rubuto min da zarar sakamakon ya fito, na kaki da na sukari da naki na jini, in tibi ce akwai abubuwan da zan ƙara miki kan yadda ake wata shidan nan da yara huɗu a gida. Ki gaida Inna, ki shafa min kan mai shan nono.

Tantinku